Auta, Ina Sauran Muryar Mama?

Zuwa ga ƙanena Ishaya, autan Mama, a birnin Seoul.

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan kiɗanka. Yaya sanyin Koriya? Yaya aiki, yaya gajiya? Mu nan Silver Spring muna godiya ga Allah. Mijina yana gaishe ka, 'yarka Ladi tana gaishe ka. Baba bai ce a gaishe ka ba, don bai san ina wannan rubutu ba, amma sunanka bai bar bakinsa ba tun makon jiya. To, na gama gaisuwa. Mama ta koya mana ko faɗa za ka yi da mutum ka fara tambayar lafiyarsa, ga shi na tambaya.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙar nan a fili inda kowa zai karanta. Na kira wayarka har na gaji, kullum muryar wata mata ce ke amsa mini da Koriyanci. Na tura saƙo, ka mayar mini da "Yaya, zan kira ki," shi ke nan. Amma shafin nan na intanet na san kana leƙa shi, don ko shekaranjiya ka sa hotonka rungume da jita, gashi ya rufe maka ido, fitilu ja da kore suna yawo a fuskarka. To ga ni na biyo ka inda kake zama. Mutanen cocinmu na Lanham da ke karantawa, ku yi mini haƙuri, yau ba zan rufa masa asiri ba.

Ka tuna yadda muke magana da Mama tun lokacin da na zo ƙasar nan aikin nas? Mama ba ta rubutu, kuma ba ta taɓa shiri da waya ba. Katin kiran da nake saya a shagon mutumin Kumasi na kusa da tashar Metro, kafin ta gama tambayar lafiyar kowa ya ƙare. Ta ce wannan ba hira ba ce, tsere ne. Sai ta koma kaset. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Pankshin, Baba ya danna mata rediyo, ta yi ta magana har zaren ya ƙare. Duk wanda zai taho Amurka daga wajenmu, a jakarsa akwai daddawa, akwai acca, akwai kaset ɗin Maman Rifkatu, kamar yadda ake kiran Mama da sunana.

Kaset ɗaya ne tal yake kai da komowa. In ya zo in saurara, in danna jan maɓalli in ɗora amsata a kan muryarta, in ba mai komawa gida. Ita ma ta saurara ta ɗora tata a kan tawa. Haka kowa ke yi a lokacin, kuma Mama ba ta ga dalilin sayen sabo ba alhali tsohon na juyawa. Shi ya sa duk maganar da ta yi mana a shekarun nan ta shafe, sai ta ƙarshe kaɗai. Wannan ya iso hannuna tana kwance a asibiti a Jos, kafin in sami mai komawa Allah ya karɓi abarsa.

Ranar da na dawo daga jana'iza na sa bakin wuƙa na ɓalle ɗan kunnen kaset ɗin, don kada wani ya danna ja bisa kuskure. Kana falo a ranar, Ishaya. Lokacin kana zaune a wajena kana karatu, takardunka ba su ba ka damar zuwa gida ba. Da idonka ka ga na ɓalle shi, kuma ka san dalili.

Ka san abin da ke ciki, amma bari in tuna maka, tunda da alama ka manta. Da addu'a ta fara. Ta gaishe ni, ta gai da mijina, ta tambayi cikin da nake ɗauke da shi, cikin Ladi ke nan. Ta ba da labarin accar bana, da akuyar maƙwabta da ta cinye mata yakuwa, har da zagin da ta yi wa akuyar. A tsakiya ta juya ta ce wa Baba, "Malam, tarin nan naka zai shiga cikin maganata, je ka sha ruwa." Ta rera waƙar da suke yi a zumuntar mata, muryarta na karyewa wajen hawa. Sannan ta zo kanka. Ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa? An ce mini ka rame." Can ƙarshe ana jin ta tana tambaya, "Malam, ya ɗauka kuwa?" sai ƙarar maɓalli.

Da muka ɗauko Baba ya dawo wajenmu da zama, kaset ɗin nan ya zama abokin karyawarsa. Kafin in fita aiki in ajiye masa kunun gyaɗa, in danna rediyo. Yana sha yana saurare, yana gyara mata labarin akuya, wai ba ta maƙwabta ba ce, tamu ce. In aka zo wajen da ta ce ya je ya sha ruwa, sai ya yi dariya ya ɗauki kofi ya sha. Kullum. Mutumin da ya shekara da shekaru yana koyar da 'yan firamare, bulala a hannu, ga shi yana bin umarnin kaset.

Kai ne mai hannu a gidanmu, ban taɓa musun wannan ba. Tun kana ƙarami, in guga ya tsinke ya faɗa rijiyar tsakar gida, Baba ba ya kiran kowa sai kai. Ka kawo igiya da ƙugiya, ka kwanta rub da ciki a bakin rijiya, ka yi ta lalube har ka fito da shi. In rediyo ya tauna zaren kaset, kai ne mai zaro shi a hankali ka naɗe da biro. Kowa a gidan ya san abin da ya shiga hannun Auta ya tsira.

Ni na samo maka aiki a shagon kayan gyaran gashi na wani Bakoriye a Wheaton, don ka riƙa samun na bas. Can ka haɗu da ɗansa Jun, mai jita. Daga nan Asabar ɗinka ta koma besmen, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu a Annandale, ka fara dawowa da faya-fayan mawaƙan Seoul da ƙananan akwatunan ƙarfe da ake takawa da ƙafa. Ban hana ka ba. Har ranar Lahadin nan da ka taka ɗaya a tsakiyar waƙar sujada, jitarka ta saki wani kuka da ya sa Mama Talatu, tsohuwar nan mai kiɗa a cocinmu, ta kusa yar da tulun kiɗanta, ni ce na tsaya maka a gaban dattawan coci. Na ce musu yaro ne, baiwa ce, a bar shi.

Da Jun zai koma ƙasarsu ka ce za ka bi shi karatun harshe na shekara ɗaya. Shekara ɗayar nan har yau ba ta ƙare ba.

Sau ɗaya ka zo ganinmu, a shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe gari har jirgin Metro ya daina fitowa waje. Lokacin kaset ya fara jan murya, Mama ta fara magana kamar mai jin barci. Ka ɗauke shi ka duba a haske, ka ce, "Yaya, ba ni shi. Akwai inji a wajenmu, zan juye shi a faifai, ba zai ƙara lalacewa ba." Na naɗe shi a ɗankwalin Mama na ba ka. Na ce wa Baba an kai shi gyara. Tun daga ranar duk sanda na tambaya, amsarka ɗaya ce, wata mai zuwa.

Yanzu bari in gaya maka yadda na sake jin muryar uwata.

A wajen aikina akwai wata nas Bakoriya, Sista Yun, dattijuwa ce, tare muke cin abincin rana. Na taɓa gaya mata ƙanena yana kiɗa a Seoul, ta tambayi sunanka. Wata rana ta shigo ɗakin hutu da murna, waya a hannu, ta ce ɗanta ya nemo mata ku. Ta yi mini bayani cewa irin kiɗanku ba shi ne na samarin nan masu kwalliya da rawa da Ladi ke kallo ba. Naku na ƙarƙashin ƙasa ne, a ƙananan ɗakuna na unguwar Hongdae, ba kamfani a bayanku, ku ke buga faifanku ku sayar a kan tebur a bakin ƙofa, da rana kowa na aikin shagon kofi ko kai saƙo. Indi, in ji ta. Saikadelik rok. Wai kiɗan da zai juya wa mutum kai ba tare da ya sha komai ba. Na yi dariya, na ce in dai juya kai ne ƙanena ya daɗe da ƙwarewa.

Ta danna. Waƙar ta fi wa'azin fastonmu tsawo. Ogan, irin fiyanon nan na coci, ya fara gunji ƙasa-ƙasa, jita ta shigo a hankali tana kuka, ganga ta biyo baya, wata mace tana rera wani abu da Koriyanci kamar ba ta son a ji. Mutane a tsaye cunkus, kowa kansa a ƙasa, launuka na narkewa a bango. Ina cin shinkafata ina gyaɗa kai don kada Sista Yun ta ji kunya. Can sai komai ya lafa, sai wata murya ta taso daga lasifika.

"Ka ci abinci kuwa... kuwa... kuwa..."

Cokalin ya suɓuce daga hannuna. Ishaya, Mama ce. Ka ja muryarta ta yi kauri, ka sake ta ta yi siriri, ka juya ta baya ta zama wani yare da ba na mutane ba, ka zuba mata amsa-kuwwa har maganar na cin karo da kanta. Tambaya ɗaya tana ta zagayawa, jitarka na ihu a kanta, baƙi suna rangaji ido a rufe. Na tashi na shiga banɗaki na kulle ƙofa. A ranar wata nas ce ta ƙarasa mini aikina.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye. Washegari Sista Yun ta zo jiki a sanyaye, ta ce akwai wata hira da aka yi da ku a bidiyo, ta ga ya kamata in san abin da aka faɗa. Ta zauna ta fassara mini. Mai tambaya ya ce wannan murya mai ban tsoro daga ina take? Shugaban ƙungiyarku, mai gemun nan, ya ce tsohuwar waƙar kiran iskoki ce daga Afirka, irin ta matan nan nasu masu hawan bori a Koriya, wai kai ka taho da ita daga kakanninka. Aka juyo da kyamara kanka. Ka yi murmushi. Ka sunkuyar da kai, ka gyaɗa.

'Yar bori! Mamanmu! Matar da in ta ji garayar 'yan bori a kasuwa sai ta sake hanya. Matar da ta shekara da shekaru tana jan zumuntar mata, wadda ko zazzaɓi take yi sai ta ɗaura zanen zumunta ta tafi. Ita ce ka zauna aka mai da ita bokanya a gaban duniya, kana murmushi. Haba Ishaya! Haba! Bakinka ciwo yake yi? Koriyancin da ka bar mu ka tafi koya, bai kai ka ce "uwata ce, tambayata take ko na ci abinci" ba?

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Da na gaya wa Sista Yun ma'anar maganar, sai ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta ce su ma haka uwayensu ke gaisuwa, ba sa cewa yaya kake, sai dai ka ci abinci? Ta ce har uwarta ta rasu, da wannan tambaya take buɗe kowace waya. Ka gani? Da ka faɗi gaskiya, babu ɗan Koriyar da ke ɗakin nan da ba zai gane Mama ba. Kowannensu yana da irinta a gida. Amma ka ga iskokin Afirka sun fi kawo jama'a, ka bar su a kan haka.

A bidiyon nan na ga yadda kake rusuna wa mai gemun, kana zuba masa abin sha da hannu biyu, kana kiransa da kalmar da Sista Yun ta ce ma'anarta yaya. Madalla. Ashe ka iya ladabi. Ashe a can ka kai shi ajiya.

Da na matsa maka da saƙo a makon, sau ɗaya ka ba ni doguwar amsa, kuma ina ma ba ka ba ni ba. Ka ce reza ka sa ka yanko wajen, ka haɗa bakin zaren da wutsiyarsa da salatif ya zama zobe, don ya riƙa zagayawa a inji ba tsayawa. Ka ce haka masu irin kiɗanku ke yi, wai sautin zare yana da rai, na kwamfuta matacce ne. Ka ce ka yi ta yanka kana gwadawa kafin ka sami wajen da ya dace. Ka ce ka juye duka a kwamfuta tukuna, amma ruwan damina ya cika ɗakin da kuke gwaji ya ci kwamfutar. Sauran guntayen zaren, ka ce, suna nan a gwangwanin biskit.

A gwangwanin biskit. Ni na ɓalle kunnen kaset don kada yatsa ya taɓa shi bisa kuskure, kai ka sa masa reza da gangan. Ba naka ba ne kai kaɗai, Ishaya. Akwai gaisuwata a ciki, akwai sunan mijina, akwai Ladi tun tana ciki, akwai "Malam" ɗin Baba. Wa ka tambaya? Ko da yake ka san amsar da za a ba ka, shi ya sa ba ka tambaya ba.

Yanzu ka saurara da kyau, don abin da ya sa na rubuto ke nan. Ba don in zage ka a gaban mutane kawai ba, ko da yake ka cancanta.

Baban da ka bari ba shi ne yanzu ba. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Wani lokaci yana kirana Sista, yana tambayata yaushe za a sallame shi. Yana leƙa taga yana neman dutsen bayan gidanmu, sai ya ga wajen ajiye motoci. Wannan duk muna iya ɗauka. Abin da ba ma iya ɗauka shi ne ya daina cin abinci. Na yi kunun gyaɗa, na yi gwaten acca da yakuwa yadda Mama ke yi, na je har Lanham na karɓo tuwo daga hannun Mama Talatu ko zai ji hannun tsohuwa. Sai ya kalli kwanon ya ce a ajiye, Maman Rifkatu ba ta zauna ba tukuna. Wandonsa yanzu sai an ninka ƙugun. Likitansa ya fara maganar a huda ciki a sa masa robar abinci. Ni nas ce, na san abin da ke biyo bayan robar nan ga tsoho irinsa, na ga yadda ake ɗaure musu hannu don kada su fizge ta. Ba na so a yi wa ubana haka.

Da na rasa yadda zan yi, sai na yi abin da na rantse ba zan yi ba. Wata safiya na ajiye masa kunu, na nemo waƙarku a waya, na tsallake gunjin da ihun, na kai daidai wajen Mama, na ajiye kusa da kunnensa.

Ka yanke "Auta" daga farkon maganar, saboda haka da ta ce "ka ci abinci kuwa," Baba ya ɗauka da shi take. Ya ɗago kai. Ya gyara zama, ya gyara wuyan rigarsa. Ya ce, "Yanzu zan ci, Maman Rifkatu." Ya ɗauki cokali da kansa. Na tsaya a bayan kujerarsa ina kuka ba sauti, ina gode wa Allah, ina jin haushinka, duka a lokaci ɗaya. Ya shanye kunun tas. Kwana biyu muna yin haka, har na fara cewa a raina wataƙila Allah ya juya ɓarnarka ta zama magani.

Rana ta gaba ya kai cokali baki sai ya tsaya. Ya karkata kai yana saurare. Ya ce me ya sa take ta maimaitawa, ba ta ji ya amsa ba ne? Ya ɗaga murya ya ce, "Na ce zan ci!" Ita kuwa tana ta tambaya, kuwa, kuwa, kuwa, muryar na nisa tana dawowa. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya kama hannuna da ƙarfin da ban san yana da saura ba, ya ce, "Sista, matar nan a cikin rijiya take. Ba ki ji ba? Ta faɗa rijiya."

Na kashe wayar. Na ce masa waƙa ce, rediyo ne, Mama lafiyarta lau. Ina! Mutumin da ba ya tuna abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce, wannan ɗin ya zauna masa daram. Ya ture kwanon. Ya ce wane irin mutum ne zai zauna yana shan kunu matarsa na cikin rijiya tana kira? Tun ranar ko ruwa sai da dabara. Yana zagaya cikin gidan yana leƙa bayan kujeru, yana buɗe ƙofar banɗaki, yana neman bakin rijiyar. In ya gaji ya zauna ya ce, "Ku kira Auta. Ku ce ya kawo igiya da ƙugiya."

Ka ji aikinka. Kai ka jefa ta, kuma kai yake kira ka fito da ita.

Auta, bari in sauke murya kaɗan, don na gaji da ihu, kuma kai ƙanena ne ko na so ko ban so ba. Na saurari waƙar nan ni kaɗai a bas, daga farko har ƙarshe, fiye da yadda zan so in faɗa. Akwai wajen da ganga ke tsayawa, jitarka ta bi muryar Mama a hankali kamar tana amsa mata. Duk wanda ya san ka ya san ba iskoki kake kira a wajen ba. Cikin zaren nan gaba ɗaya, ba waƙar zumunta ka yanko ba, ba addu'a ba. Maganar da ta yi da kai ka yanko. Ni na je na ga an sa ta a ƙasa, na zuba ƙasa da hannuna. Kai kana falo a Silver Spring kana jiran waya. Ba ka taɓa amsa mata tambayar nan ba, kuma ban taɓa tambayarka yadda ka kwana da ita ba.

Na ƙara girman hoton da ka sa shekaranjiya. A jikin jitarka, ƙasa da inda hannunka ke bugawa, akwai ɗan guntun zare mai ruwan ƙasa manne da salatif. Ba sai ka gaya mini kalmar da ke kansa ba. Na sani.

Amma sanin nan bai sa Baba ya ci abinci ba, saboda haka ga abin da nake so. Ban ce ka bar kiɗa ba, ban ce ka bar Koriya ba. Ka ɗauko gwangwanin nan. Ka ciro zoben daga inji, ka ɓamɓaro wanda ke jikin jitar ma, mai ɗauke da "Auta", don ba tare da shi ba maganar ba ta cika ba. Hannun da ya iya yankawa ya iya haɗawa, kai ka san inda kowane guntu ya fito. Ka jera su yadda Mama ta faɗe su, ko da tabo, ko wani wajen ya ɓace. Ba amsa-kuwwa, ba jita. Ina so Baba ya ji matarsa a tsakar gida, a kan tabarma, tana zagin akuya, tana cewa Malam je ka sha ruwa. In ya ji ta a sarari zai san ta fito.

Kuma kada ka kuskura ka sa shi a akwatin gidan waya. Kaset ɗin Mama bai taɓa tafiya shi kaɗai ba, kullum a hannun mutum yake zuwa. Ka kawo shi da hannunka. Kafin ka taso kuma, ka tsaya a gaban mutanen nan masu rangaji ka gaya musu da harshensu ko wace ce, da abin da take tambaya. Sunanta Saratu. Ba 'yar bori ba ce.

Yau da safe na shiga ɗakin Baba na same shi zaune a bakin gado. Ya zare bel ɗinsa, ya ƙulla shi da igiyar labule da wayar cajin mijina, yana aunawa da hannu yana girgiza kai, wai ba za ta kai ba. Na durƙusa na karɓa, na ce masa Auta yana hanya, yana tafe da doguwa. Ya dube ni ya ce, "To a ajiye kunun, in ya fito da ita ma ci tare." Kada ka mai da ni maƙaryaciya a gaban ubana, Ishaya.

Ubangiji ya tsare ka a hanya, ya buɗe maka ƙofar da za ka bi. Ya riƙe mana Baba har ka iso. Ya ba hannunka natsuwa a kan zaren nan kamar yadda ya ba shi a bakin rijiya. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya kafin in gan ka a filin jirgi, don yadda nake ji yanzu ban san ko rungumarka zan fara yi ko mari ba. Amin.

Ka ci abinci kafin ka hau jirgi. A hoton nan ka rame.

Yayarka,
Rifkatu
Silver Spring